Kwana Ɗayan da Aka Ƙara Mana

Shekarar da aka cire tallafin man fetur ce, lokacin da motocin haya suka ragu a tashar Gaya, sai mutum ya yi zaman jira har ya gaji kafin guda ta cika. Da wannan nake tuna shekarar. A daminarta ne aka fito da ɗan tayinmu na ƙarshe daga cikin sanyi.

Ni manomi ne a Balan, idan kaka ta yi kuma nakan taɓa sayen hatsi a kasuwannin ƙauye. Matata 'yar Gafasa ce ta ƙasar Ajingi. A lokacin mun shekara goma sha bakwai da aure ba haihuwa. Ɓatan wata kam ta yi shi ba adadi, sai dai ba na ciki ba. Al'adarta takan ɗauke wata uku ko huɗu. Farkon aurenmu idan ta ɗauke sai mu yi ta murna a ɓoye, in hana ta daka, in riƙa ɗebo ruwa da kaina, har ranar da jini zai zo ta shiga ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Daga baya gashi ya fara fito mata a haɓa, tana tsigewa idan ta ga ba kowa. Mun sha sassaƙe, mun sha rubutu, ta yi hayaƙi kala-kala.

A wani asibiti a Kano muka sami wata likita da ta zaunar da mu ta yi mana bayani da Hausa. Ta ce ƙwayayen matata suna fitowa da yawa, amma ba sa nuna, kamar mangwaron da ya yi 'ya'ya rututu ya tsaya a ɗanye. Bayan magunguna sun ƙi, ta ce saura hanya ɗaya: a ciro ƙwan, a haɗa da nawa a waje, idan ya kama a mayar mata cikin mahaifa.

Na je na tambayi wani malami a cikin birni, inda ba wanda ya san ni. Ya ce muddin na miji ne da na matarsa, kuma auren yana nan, babu laifi. Hankalina ya kwanta ta wajen Allah. Ta wajen mutane ne bai kwanta ba. Na taɓa zama a majalisa aka kawo zancen irin wannan haihuwa daga rediyo, wani dattijo ya ce, "Ɗan kwalba? Wa ya san na wa aka zuba? Ni dai ba zan ba shi 'yata ba." Aka yi dariya, ni ma na yi. Saboda haka muka ɓoye. Duk wanda ya tambayi abin da ke kai mu Kano, sai mu ce gyambon ciki ne yake damun ta, wato ulsa. Har mahaifiyarta, wadda take kira Inna, haka muka faɗa mata.

Ɓoyon nan ne ya kai ni makarantar yaƙi da jahilci. Na yi allo tun ina yaro, amma boko ban san ko alif ɗinsa ba. Takardar magani ta farko wani mai kemis a Gaya na kai wa ya karanta min. Ya duba, ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Malam, wannan na wace ce?" A makon na je na ba da sunana. Da furfura a gemuna na zauna a kan benci ina ba, be, bi, har na iya karanta sunan magani da agogon waya ba tare da na miƙa wa kowa ba.

Na sayar da shanun huɗata biyu da gonar fadama da na gada. Aka ciro ƙwai da yawa, amma uku ne suka kama suka yi kyau. Likita ta ce jikin matata ya kumbura da allurai, ba za a dasa a lokacin ba, sai aka daskarar da su aka ajiye. Bayan ta huta aka dasa na farko, bai zauna ba. Aka dasa na biyu, shi ma haka. Saura ɗaya.

A nan ne likita ta kawo maganar gwajin. Ta ce mahaifa ba kullum take karɓa ba, tana da ɗan lokacin da bangonta yake yin laushi ya riƙe abin da aka sa masa, idan ya wuce shi ke nan sai wani watan. A yawancin mata an san lokacin. Amma wasu, har da masu irin ciwon matata, nasu yakan yi sauri ko ya yi jinkiri. Gwajin shi ne a ba ta magunguna kamar za a yi dashe, amma ranar sai a ɗan tsinko tsoka daga bangon mahaifar, a aika ƙasar waje a duba ko ta shirya.

"Malam, ba zan rufe ka ba," in ji ta. "Mu kanmu likitoci bakinmu bai zo ɗaya a kan gwajin nan ba. Wasu sun ce yana taimakawa, wasu sun ce ba ya ƙara komai. Amma guda ɗaya ya rage muku."

Matata ce ta amsa kafin ni. Ta ce a yi. Tumakinta da take kiwo tun na gararta, su aka kai kasuwa.

Da sakamako ya dawo aka ce tata mahaifar mai jinkiri ce, a ƙara mata kwana ɗaya a kan na sauran mata. Ban taɓa murna da wani abu kamar wannan kwana ɗaya ba. A zuciyata na ce ashe biyun farko sammako suka yi, suka tarar ba a buɗe ba. A mota muna dawowa matata ta sunkuyo ta ce min a hankali, "Ka ga, ba ƙi ta yi ba, nawa ce da ita, kamar mai ita." Rabon da in ji ta yi wasa har na manta.

Aka fara watan gaske. Da lissafin sauran mata ne, ranar Alhamis za a dasa. Da ƙarin kwana ɗaya sai ya faɗa Juma'a da hantsi.

Ƙa'idar asibitin ita ce ba sa fito da ɗan tayi daga sanyi sai sun tabbatar kana hanya. Da motarmu ta tashi daga Gaya na kira na ce mun taso. Aka ce Allah ya kawo mu lafiya, yanzu za a narkar da shi.

Muna shiga Wudil wayata ta yi ƙara. Yayan matata ne daga Gafasa.

"Malam, kuna gida?"

"Muna hanya, za mu asibiti."

"To ku juyo. Jikin Inna ya ɗan motsa."

A bayan muryarsa ina jin salatin mata. A wajenmu ba a gaya wa 'ya mutuwar uwarta ta waya, sai a ce jiki ya motsa, kowa kuma ya san abin da ake nufi. Matata tana manne da ni a kujerar baya, ta ji komai.

"Ta rasu ko?"

"Bai ce ba."

"Direba, tsaya."

Direban ya leƙo ta madubi ya ce, "A nan, Hajiya? Ko Kanon ce ta matso ban sani ba?" Da ya ga fuskarta sai ya gangara gefe.

A bakin titi, tsakanin masu rake da masu jan awaki zuwa kasuwa, na roƙe ta. Na ce mun ci rabin hanya, mu ƙarasa a sa, mu juyo.

"Su rufe ta ban gan ta ba?" in ji ta. "Ni kaɗai ce mace a cikinta. Ta sha faɗa min, ko ina nake, ni zan zuba mata ruwan wanka, kada in bari baƙon hannu ya taɓa ta. Na ce mata to."

"Shi kuma fa? An riga an fito da shi."

Ta dafa cikinta da hannu biyu. Can ta ce, "Kira likita."

Na kira. Likita ta yi mana ta'aziyya. Na ce, "Ranki ya daɗe, ba za a mayar da shi sanyin ba?"

"Ana mayarwa. Amma wannan ba shi da ƙarfin na farko, ina tsoron kada ya ƙi tashi karo na biyu. Ya farfaɗo, yana nan da rai. Zan riƙe shi, zan jira ku. Amma Malam, duk sa'ar da ta wuce tana rage mana. Ku yi ƙoƙari kafin La'asar."

Muka tsallaka titi muka nemi motar komawa. Daga Gaya muka hau babur zuwa Gafasa, hanya duk taɓo saboda ruwan da aka yi. Da muka isa an riga an yanke cewa sai an sauko daga Juma'a za a yi jana'iza. Matata ta cire takalmi tun daga zaure ta shige. Jakarta da wayarta suka rage a hannuna.

Ni suruki ne a gidan. Wurina bakin tabarma a ƙofar gida, kaina a sunkuye. Tun da na auri 'yarsu ban taɓa wuce zaure ba sai an yi min iso, ban taɓa cin abinci a gaban manyansu ba. Aka yi wanka, aka sa likkafani, aka fito da makara. Na bi sahu aka sallace ta, na sa kafaɗa har maƙabarta, na zuba ƙasa da hannuna. Allah ya sani na yi mata addu'a da gaske, domin mace ce da ba ta taɓa yi min gorin haihuwa ba. Amma ina addu'a idona yana kan inuwar bishiya, ina ganin yadda take tsawo.

Muka dawo aka zauna. Mutane suna zuwa jeri-jeri daga ƙauyukan kewaye.

"Ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙanta."

"Amin."

Bakina yana amsawa, hannuna yana cikin aljihu a kan waya. Ina jin ta tana motsi, na san asibiti ne, ba halin in ɗaga a tsakiyar mutane. A cikin gida kuwa matata tana zaune a ɗakin uwarta, mata sun kewaye ta. 'Yar mamaciya ba ta tashi daga wurin nan sai an yi sadakar uku. Ita ake zuwa gani. Idan ta fita a ranar, maganar za ta bi ta har kabarinta.

Na matsa kusa da yayanta na ce masa a kunne, asibiti suna jiran ta yau.

"Yau?" Ya dube ni kamar bai san ni ba. "Haba Malam. Ƙasar kabari ba ta sha iska ba. Ulsa ce ba za ta kwana uku ba?"

"Ba za ta kwana ba."

"To ni ba zan shiga in faɗi wannan ba. Da wane bakin?"

Aka kira La'asar ina zaune. Na yi salla ban san abin da na karanta ba. Da aka sallame na sake kama hannun rigarsa na ce, don Allah ya kira min Gwaggo zaure.

Gwaggo ƙanwar mahaifin matata ce, ita ce babba a matan gidan, kuma bakinta kowa yana tsoronsa. Tsakanina da ita gaisuwa ce kawai, ina tsugune ina kallon ƙasa. Ta fito tana gyara mayafi, ta tsaya a kaina.

"Lafiya, surukin kirki? Ko tuwon ne bai iso ku ba?"

Na tsuguna. Abin da zan faɗa, kalmominsa ba a furta su a gaban suruka. Mahaifa, al'ada, ƙwan mace, ruwan namiji. Na buɗe baki ya ƙi. Ta ce, "In ba ka da magana ina da baƙi." Ta juya. Sai na ji kaina ina cewa, "Gwaggo, ba ulsa ba ce."

Na faɗa mata duka, idona a kan yatsun ƙafarta. Shanu, fadama, biyun da suka tafi, gwajin, kwana ɗayan da aka ƙara. Na ce yanzu haka akwai guda a Kano, an fito da shi tun safe, yana jiran uwarsa, kuma ba ya jira har gobe. Zana ce kawai tsakanin zauren da tsakar gida, ina jin yadda hirar mata ta ɗauke a bayanta.

Gwaggo ta juyo ta dube ni.

"A firiza?" in ji ta. "Jikan nawa kuka sa a firiza kamar zoɓo?"

"Eh, Gwaggo."

"Naka ne da nata?"

"Wallahi nawa ne da nata."

"To uban me kuka ɓoye?" Muryarta ta fashe. "Baiwar Allah nan ta mutu tana zaton ulsa za ta kashe mata 'ya. Ko makon jiya sai da ta sa aka dako mata garin magani, yana nan a ƙullin leda a ƙarƙashin gadonta, wai idan kun zo. Kai, kai, kai. Tashi ka nemo babur, sakarai, kana nan kana tsugune!"

Ta shiga ciki. Ba yadda za ta fitar da 'yar mamaciya daga ɗakin makoki ba tare da dalili ba, don haka ta faɗi dalilin da ƙarfi, yadda na bayan katanga ma zai ji. "Ku matsa mata. Asibiti za ta, ciki za a sa mata, ɗanta yana can yana jira. Wadda ke da magana ta zo ta same ni." Abin da muka shekara huɗu muna rufewa, kafin matata ta sa takalmi ya gama Gafasa.

Ta fito idonta a bushe. A kan babur ta ce min, "Ban yi kuka ba. Na ji tsoro kada in girgiza wurin." Hannunta yana ƙanshin turaren likkafani.

A tashar Gaya mota ɗaya ce, da mutum uku a ciki. Na ce wa direba ya tashi, na ɗauki sauran kujerun. An gaya mana ana son ta zo da fitsari a mara kafin dashe, sai na sayi ruwan leda tana sha a hanya, tana sha tana kallon taga.

Na manta Juma'a ce ranar kasuwar Wudil. Mun iso daidai lokacin da take watsewa. Manyan motoci sun jeru ana loda shanu, wata ta gitta a hanyar gada ta mutu. Ba gaba ba baya. Na fita ina bi tsakanin motoci, ina buga gilashi, ina cewa a taimaka akwai marar lafiya, kamar wani yana da inda zai matsa. Wani ɗan kamasho ya ce, "Baba, ko gwamna ne yau sai ya jira saniya." Na koma na fito da ita, muka taka da ƙafa ta gefen gada, tana tafe a hankali saboda marar da ta cika, ni ina riƙe da jaka ina duban rana. A tsallake muka sami wata motar.

Ana kiran Magariba muka shiga asibitin. Ma'aikata sun watse, saura likita da mai kula da ɗakin sanyi da nas guda. Likita ba ta yi mana faɗa ba. Ta kama hannun matata ta ce, "Sannu, 'yar uwa. Zo mu je."

Kafin a sa, sun nuna mana shi a allon na'ura. Ɗan ɗigo ne, an ƙara masa girma ya kai ƙwayar gero. Na ce, "Yana da rai?" Aka ce yana da rai. Tun safe yake nan yana jira. Na yi masa sallama a zuciyata, ban san me ya sa ba.

Washegari muka koma Gafasa, domin makoki bai ƙare ba. Gwaggo ta kwantar da ita a kan gadon uwarta ta hana ta ko ɗaga buta. Matan da muke tsoron bakinsu suka riƙa zuwa da kunu da ƙwai, wasu don tausayi, wasu don su ga yadda mai cikin asibiti take. Wata tsohuwa ta tambaye ta ko yaron zai fito da sanyin jiki. A Balan kuwa na fita masallaci dattijon nan na majalisa ya ba ni hannu, ya riƙe ya daɗe, ya ce, "Allah ya raya." Ban san ko da gaske yake ba. Na ce amin.

Bayan mako biyu aka ɗebi jininta. Babu.

A nan ne ta yi kukan, a kan bencin asibiti, na uwarta da na ɗan gaba ɗaya, har nas ta zo ta rufe ƙofa. Ni kuma na bi likita ofis na tsaya a bakin tebur.

"Ranki ya daɗe, jinkirin da muka yi ne?"

"Ban sani ba, Malam."

"Da mun zo da hantsi fa?"

"Wataƙila. Wataƙila kuma ko kun zo da hantsi haka za ta faru. Wasu ana sa musu a kan daidai ba ya zama."

"Da ba a yi gwajin ba, da ranar Alhamis aka sa. Lokacin Inna tana da rai."

Ta ce, "Haka ne."

Na yarda da ƙaddara, ina kuma faɗa wa matata haka idan ta fara. Amma har yau idan ina huɗa da shanun aro, sai in tsinci kaina ina jujjuya Alhamis da Juma'a, ina sa wannan a wurin wancan. Likita ta ce ana iya sake farawa daga farko, a sake ciro ƙwai. Shekarun matata sun ja, kuma ba ni da sauran abin da zan kai kasuwa. Ƙullin garin maganin ulsa yana nan a cikin kwallarta, ta hana a zubar.

Abin da ya tafi shi ne: shanun huɗa biyu, gonar fadama, tumaki bakwai, shekara huɗu, sirrinmu, Inna da ba mu gaya wa gaskiya ba, da 'ya'ya uku da ba a raɗa wa suna ba.